Hannun daman Baba da tabaran gem

Tun ranar da na saka hoton Baba a sitatus sanye da tabaran nan na gem da ake ce wa VR mutane ke ta tambaya ta, wasu ta waya wasu a ƙofar masallaci, wai da gaske ne wannan abun yana tada hannun da ya shanye? Wani abokina ma cewa yayi in faɗa masa kuɗin kawai ya nemo wa mahaifiyarsa. Toh shi ne na ga gara in zauna in rubuta yadda abun yake tun daga tushe, don wallahi bana so wani ya sayar da akuyarsa ko ya ci bashi a kan maganar da bai ji ƙarshenta ba.

Baba ɗan kasuwa ne, ya fi shekara talatin a Kantin Kwari yana sayar da atamfa da shadda. Duk wanda ya san shi ya san hannunsa, yadda yake warware turmi ya nuna wa mai saye ya sake ninke shi kafin ka ƙifta ido, da yadda yake ƙirga kuɗi yana hira ko kallonsu ba ya yi. Wata safiya bayan an dawo daga asuba ya ɗauki kofin shayi sai kofin ya suɓuce, Umma ta ce ta ga bakinsa ya karkace, magana kuma tana fita kamar harshen yayi nauyi. Muka tsaya a gida ana tofi ana shafa mai ana cewa a bari ya ɗan huta, sai wajen azahar muka kai shi asibiti. Wannan jinkirin har yau yana ci mani rai, domin daga baya ne na san cewa allurar da ke narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu, shi yasa ɓarin dama ya mutu, tunda ita ƙwaƙwalwa a gicciye take aiki, hagu ke juya dama, dama ke juya hagu. Hawan jini ne sila. Ya san yana da shi, in kansa yayi ciwo ya sha magani in ya ji sauƙi ya ajiye, kamar dai yadda iyayenmu da yawa suke yi. Akwai wani babban bincike da ake kira SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Ghana, har da na Kano da Zariya, ƙarƙashin Farfesa Mayowa Owolabi, sakamakon ya fito a 2018, kuma hawan jini ne ya zo kan gaba da nisa a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar ɓarin jiki a wajenmu. Dan Allah wanda ke da dattijo a gida ya sayi na'urar awon jini ya ajiye.

Ƙafa ta dawo da wuri, alhamdulillahi, wajen wata biyu yana takawa da sanda, magana ma ta washe sai ɗan abun da ba a rasa ba. Hannun ne ya ƙi. Yana iya ɗaga kafaɗa kaɗan, gwiwar hannu tana lanƙwasawa amma miƙewa da ƙyar, yatsun kuma a dunƙule kamar yana riƙe da wani abu. Kuma sai hannun dama ya tsaya ne mutum zai gane yawan abun da muka ɗora masa. Da shi ake cin abinci, da shi ake musabaha, da shi ake bayarwa ake karɓa. Baba ya daina cin abinci a zaure da mutane saboda ba zai iya sa hannun hagu a kwano a gabansu ba, duk da malamai sun faɗa masa lalura ce babu laifi a kansa. In baƙo ya miƙo hannu sai ya tallabo na daman da na hagu ya miƙa, kana ganin idonsa ka san abun yana masa ciwo fiye da ciwon kansa. Wata rana ina taimaka masa alwala ya ce mani, "Babana, wai ni ne yau ake wanke wa hannu?" Babana yake kira na saboda sunan mahaifinsa aka sa mani. Ban samu amsar da zan ba shi ba.

Muna zuwa gashi, wato motsa jiki a asibiti, sau biyu a sati. Masu gashin suna iya bakin ƙoƙarinsu amma mutane sun yi musu yawa, ka fita tun safe ka biya kuɗin mota ka bi layi, in an zo kanka bai fi rabin awa ba, a cikin rabin awar ma ƙafa da tafiya su cinye fiye da rabi. Sai su ba mu takarda mai zanen motsa jiki su ce ayi a gida. Toh a gidan ne matsalar take. Ɗaga hannu ka sauke, ɗaga ka sauke, ɗauki kofi ka ajiye, Baba zai yi sau goma sha biyar ya ce ya gaji, kuma ba gajiyar jiki kaɗai ba ce, zuciya ce ta ƙosa, mutum yana yin abu kullum ba ya ganin ya gusa. A hankali hannun hagu ya karɓe komai, na daman yana kwance a cinya kamar ba nasa ba. Ashe wannan ma sananne ne, wani masani a Amurka mai suna Edward Taub ya daɗe da nuna cewa in aka yi ta gwada gaɓa tana ƙi, ƙwaƙwalwa tana koyon yin watsi da ita gaba ɗaya, har ɗan motsin da ya rage ma a daina amfani da shi. Daga nan ne aka samo dabarar ɗaure lafiyayyen hannu cikin safa mai kauri don a tilasta wa mara lafiyar yin aiki, kuma an gwada ta a kan mutum 222 a Amurka, sakamakon ya fito a 2006 ya nuna tana taimaka wa waɗanda ke da ɗan motsi a wuyan hannu da yatsu.

Abun da ya canja mani tunani lissafi ne. Da dare in kowa yayi barci ina ta karance-karance a waya, sai na ci karo da aikin wata mai bincike Catherine Lang, su da abokan aikinta sun zauna a ɗakunan gashi a Amurka da Kanada suna ƙirga sau nawa mara lafiya ke maimaita aikin hannu a zama ɗaya, a 2009 suka fitar da cewa matsakaicin sau 32 ne. Talatin da biyu fa, a ƙasashen da ke da kayan aiki da ma'aikata. Alhali a gwaje-gwajen da aka yi da dabbobi, irin wanda Randolph Nudo yayi da ƙananan birai a 1996 inda suke zaƙulo ƙwayar abinci daga cikin ɗan rami da yatsunsu, sai an maimaita ɗaruruwa a rana, wajen 400 zuwa 600, kafin a ga ƙwaƙwalwa ta sake tsara kanta. Domin wurin da ya mutu a ƙwaƙwalwa ya mutu, ba ya dawowa, maƙwabtansa ne ke koyon aikinsa, kuma ba sa koyo sai da maimaici, kamar almajiri da allo, sai ya biya ya biya ya wanke ya sake rubutawa kafin hadda ta zauna. Na duba Baba da yake yin sha biyar a rana na ce ai ko hanya ba mu kama ba.

Ƙanena ne ya kawo maganar tabaran. Abokinsa yana da Meta Quest 2 da yake buga gem da shi, ya ce mu ara. Wanda bai taɓa sawa ba, abu ne kamar akwati ƙarami da ake ɗaurawa a fuska ya rufe ido, nauyinsa wajen rabin kilo, da ka sa sai ɗakin da kake ya ɓace ka ga kanka a wani wuri dabam, in ka juya kai wurin ya juya, in ka ɗaga hannu ka ga hannu ya ɗagu a ciki. Ban yarda mun sa wa Baba ba sai da na ɗauke shi na kai wa mai gashinsa ta gani, kuma na gode Allah da nayi hakan. Ta sa da kanta ta gwada, sannan ta kafa mana sharuɗɗa. A zaune kawai, kan kujera mai jingina, ba a tsaye ba ko sau ɗaya. Mutum ya kasance kusa da shi ko da yaushe. A fara da minti biyar zuwa goma. In ya ce yana jin jiri ko tashin zuciya ko ciwon kafaɗa a cire nan take. Ta tambaya ko ya taɓa yin farfaɗiya muka ce a'a, ta duba ko yana ganin abun da ke gefen damansa sosai, domin wasu bayan wannan ciwon ganinsu na gefe ɗaya yana raguwa ko hankalinsu ya daina kai wa ɓari ɗaya. Kuma ta ce kada mu kuskura mu fasa zuwa gashi saboda shi.

Shawo kan Baba shi ne babban aiki. "Ni da girmana da furfurata ku ɗaura mani kayan wasan yara a fuska?" Kwana uku yana ƙi. Jikarsa ce, 'yar yayana mai shekara tara, wadda suke wasan kaka da jika kullum tana ce masa mijinta ya tsufa za ta canja wani, ita ce ta sa tabaran a gabansa tana ta sara iska tana ihu, da ta cire ta ce masa ai ta san ba zai iya kamo makinta ba. Ya ce a miƙo masa.

Gem ɗin farko na yanka kayan marmari ne, suna tasowa sama kai kuma kana sara. Yayi masa sauri ƙwarai, minti biyu ya ce a cire, ransa ya ɓaci, ni ma gabana ya faɗi na ce mun ƙara masa karaya. Muka koma neman masu sanyi, wanda abu ke tsaye a wuri ɗaya sai ka miƙa hannu ka taɓa shi ya fashe, da wani na ɗaukar abu ka sa a kwando. Matsala ta biyu riƙo. Hannun ba ya iya riƙe abun sarrafawar, yana zamewa, na'urar kuma duk da tana iya gane hannu tsirara ba tare da an riƙe komai ba, yatsun Baba da suke a dunƙule suna rikita ta, hannun ya bayyana ya ɓace. Sai muka riƙa ɗaure masa abun a tafin hannu da bandeji, ba tamau ba, mai gashin ce ta nuna mana yadda za mu yi kada jini ya tsaya. Ƙanena ya haɗa shi da waya yadda abun da Baba ke gani muna gani mu ma, sai ya zama kowa yana ciki, Umma tana daga bakin ƙofa tana cewa "Alhaji ga wani can ta sama."

Ranar da na tabbatar akwai wani abu a nan ita ce ranar da na ɗauko ɗan kantan tasbihi na yatsa na riƙa dannawa duk miƙa hannu ɗaya. A minti ashirin, da hutu a tsakani, na ga 214. Mutumin da sha biyar ke gagara. Da muka cire masa yana gumi ya ce har an gama? Bai san yayi haka ba, shi dai hankalinsa yana kan balan-balan ɗin da ta rage da makin jikarsa. Iyakar sirrin abun kenan a ganina, yana ɗauke hankalin mutum daga kan hannunsa ya mayar kan abun da yake son kamawa, kuma nan take yana nuna masa ya ci ko bai ci ba, jiya arba'in yau arba'in da shida, abun da takardar zane ba za ta taɓa faɗa masa ba.

Amma akwai inda gem ke yaudara, kuma sai da mai gashin ta kalli bidiyon da na ɗauka ta nuna mani. Shi gem ba ruwansa da yadda ka kai hannu, in dai ka taɓa ya ba ka maki. Toh Baba ya gano cewa in ya sunkuyo da ƙirjinsa gaba ya ɗage kafaɗa zuwa kunne zai taɓa ba tare da ya miƙe gwiwar hannu ba. Maki yana hawa, hannu kuma bai koyi komai ba, ƙari ma yana koyon mummunar ɗabi'a da za ta jawo ciwon kafaɗa. Ta ce in riƙa tsayawa a bayansa in dafa ƙirjinsa ta saman kafaɗa ya zauna a jingine, a matso da abun kusa yadda zai kai da gaskiya ko da makin zai faɗi. Makin kuwa ya faɗi rabi, yayi fushi kwana biyu. Maganar kafaɗa kuma bari in ƙara, don na ga ana yi a unguwa. Kada a ja hannun da ya shanye don a tada mutum ko a sa masa riga ko wai a "miƙar da jijiya". Naman da ke riƙe kafaɗar yayi laushi, ƙashin yana iya zamowa daga gurbinsa, ciwon da zai biyo baya kuwa shi kaɗai ya isa ya hana duk wani motsa jiki. Masu zuwa dubiya da kyakkyawar niyya ne suke kamawa suna ja suna murzawa, sai an hana su cikin ladabi.

Yanzu ga abun da nake so wanda ke shirin saye ya ji da kyau. Na je na duba me bincike ya ce, ba me masu talla suka ce ba. Wani likita a Toronto ta Kanada, Gustavo Saposnik, ya jagoranci gwaji a kan mutum 141 a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan, aka fitar a 2016. An raba su biyu, duk suna gashinsu na kullum, sai rabi aka ƙara musu awa ɗaya sau goma cikin sati biyu suna buga gem ɗin talabijin na Nintendo Wii, ɗayan rabin kuma aka ƙara musu daidai wannan lokacin suna buga kati da jera katakai da wasan ƙwallo da makamantansu. Duka biyun hannunsu ya ƙaru, amma babu wani bambanci na a zo a gani tsakaninsu. Haka kuma ƙungiyar Cochrane da ke tattara bincike, a 2017 Kate Laver da abokan aikinta sun haɗa gwaji 72 na mutum 2,470, suka ga cewa in aka musanya gashi na yau da kullum da gem a lokaci iri ɗaya gem bai fi ba wajen hannu, amma in aka ƙara shi a kan gashin, lokacin motsa jiki ya ƙaru, toh nan ana ganin amfani. Da farko da na karanta jikina yayi sanyi. Daga baya na ga ai wannan albishir ne ga talaka. Maganin ba a cikin tabaran yake ba, yana cikin yawan yi da daɗewa ana yi. A Landan akwai wani shiri a asibitin Queen Square na Farfesa Nick Ward inda suke ba mutum awa 90 na aikin hannu cikin sati uku, kuma mutanen da suka wuce wata shida da ciwon, wasu ma shekaru, sun samu ci gaba na gaske. A Ingila tun 2023 shawarar hukuma ita ce aƙalla awa uku a rana kwana biyar a sati ga wanda zai iya. Mu kuma muna kan awa ɗaya a sati, ita ma da ƙyar. Wannan giɓin ne ya kamata a cike da ko mene ne mutum zai yarda ya riƙa yi.

Shi yasa da abokin nan nawa ya ce in faɗa masa kuɗi na ce masa ya dakata. Tabaran yana da tsada, batirinsa wajen awa biyu yake yi, ga rashin wuta, ga zafi, a watan azumin bana gumi ne ke cika shi a minti goma sai mun bari sai bayan isha'i. Akasarin gem ɗin da ke ciki kuma don masu lafiya aka yi su. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don masu wannan ciwon, irin na kamfanin MindMaze na Suwizalan ko safar hannu ta Neofect ta Koriya ta Kudu da ke bin motsin yatsu, amma waɗannan kayan asibiti ne masu kuɗi. Mahaifiyarsa tana son dara ko ludo? Tana tsince wake ko shinkafa a faranti? Tana jan carbi? A nemi mai gashi ta zaɓa mata aikin da ya dace da matakin da hannunta yake, a sa mata jikoki su zauna da ita, a riƙa ƙirgawa ana rubutawa a bango ta ga lambar tana hawa. Akwai ma dabarar madubi da ba ta buƙatar ko sisi, a kafa madubi a tsakiyar jiki, hannun da ya shanye a ɓoye a baya, tana motsa lafiyayyen tana kallon hotonsa kamar shi ne ɗayan ke motsi. Mu ma muna yi wa Baba ita da safe, ranakun da babu caji ita da dara ne abun yi. Wanda kuma yake da hali ko zai samu aro kamar mu, kuma dattijon nasa ya karɓa, toh ya gwada, mu dai ya taimake mu a daidai wurin da muka kasa, wato sa Baba ya so yi.

Ba zan ce gem ne ya dawo da hannun ba, domin lokaci ma yana aikinsa, watanni uku zuwa shida na farko dama su ne ake samun mafi yawan sauƙi, ga gashi, ga maganin hawan jini da yanzu Umma ke tsaye a kai safe da dare, ga addu'a. Abun da na gani da idona shi ne mutumin da ya daina kallon hannunsa ya dawo yana tambaya ko an yi caji. Wata goma kenan yanzu. Gwiwar hannu tana miƙewa kusan duka, yana kai hannu baki, tun bayan babbar salla ya koma cin abinci a zaure, tuwo yana yankowa da dama in yayi laushi, shinkafa kuma da cokali mai kaurin mariƙi da muka naɗe masa da tsumma. Yana musabaha ba tallabe. Yatsun ne har yanzu da saura, buɗewa tana masa wuya musamman da sanyin safiya ko in ya gaji, maɓallin riga sai an sa masa, rubutu kuwa bai fara ba. Tabaran ba ya taɓuka wa yatsu abun kirki, wannan mai gashin ta faɗa mana tun farko.

Satin da ya wuce ya sa ni na yanko masa takardu daidai girman naira dubu, guda ɗari, na ɗaure da roba. Kullum bayan la'asar yana zama a tabarma ya riƙe damin da hagu yana turawa da babban yatsan dama ɗaya bayan ɗaya. Ranar farko uku ya tura yatsan ya ƙage. Jiya ya kai goma sha ɗaya, ya ce in rubuta a bango ƙarƙashin na shekaranjiya.